Rabon da Baba Bai Gama Nuna Mini Ba

Yau da hantsi babbar kwamfutar ofishinmu ta fara jan ƙafa. Fishiyoyi, wato fayilolin kwamfuta, sun yi layi suna jiran gurbi a ma'ajiyar wucin gadin da suke tarayya a kanta. Na ɗauko waya zan kira Baba, wanda ya koya mini aikin nan, sai na tuna shekara guda ke nan da muka kai shi makwancinsa a Matameye.

Shi ba ya yanka wa ma'ajiya girma ranar da aiki ya lafa. Sai ranar cunkoso yake zama ya kalle ta.

Zuwana na ƙarshe na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa, shayi na tafasa a gefe. Na ce, "Baba, manyan fishiyoyi suna korar ƙanana daga ma'ajiya."

Ya raba gyaɗar kashi biyu a kan tabarma. "Ɗana, kowane da nasa wurin. Amma nawa za ka ba kowane, sai na ga yadda take numfashi ranar cunkoso. In ka dawo..." Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Ban sake ganinsa da rai ba.

Yanzu ga allon kwamfuta a gabana, shugaban ofis na tsaye a kaina. In na ƙara wa wannan, na tauye wancan, kuma ban san inda zan tsaga ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba shi wurin da babu mai matsa masa.