Carbina a Kogin Nilu

Jikata tana karatu a Giza ta ƙasar Masar, wai sauraron hirar dolfin take koyo, wata dabbar kogi ta ƙasar Indiya mai magana da ƙas-ƙas a ƙarƙashin ruwa. Na ce mata, "Amarya, mu a zamaninmu gulma ake kiran wannan, kuma ba a ba da takardar shahada a kanta."

Bara aka ara mata na'urar naɗar sauti da ake zurawa a ruwa, domin malaminta ya ga ko ta iya aiki kafin ya tafi da ita Indiya. Na dage sai na raka ta, tunda kullum ina cika baki cewa ni jinin masunta ne.

Muka hau jirgin ruwa a Kogin Nilu, ya bar gaɓa. Na rungume katako na shiga jan carbi, ƙwayoyin suna bugun jikin jirgin. Ita kuwa ta toshe kunnuwa da abin sauraro, tana ta murna.

"Kaka, an ce babu dolfin a Nilu, amma ga wani abu yana magana!"

Washegari malamin ya saurari abin da ta naɗa, ina zaune a gefe. Ya ce wannan dolfin musulmi ne, talatin da uku yake yi ya huta. Ya dubi carbin hannuna ya ce, "Ma'alish, ya Hajj," wato in yi haƙuri. Tafiyar Indiya kuwa wani ɗalibi ya ba.

Muka hau mikrobas, ƙaramar motar haya, muka nufi gida. Da muka sauka, ita ta riƙe hannuna muka tsallaka titi, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.