Yatsan Hedimasta

Jiya a unguwar Sanyuanli da ke Guangzhou wani mai shago ya lashi yatsa zai buɗe leda, sai hedimastanmu na firamare ya faɗo mini a rai. Haka yake yi kafin ya juya shafin rajista.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar nan ya same ni a Guangzhou, muka je kasuwar Tianhe sayen kwamfutar da za a zuba sunayen ɗalibai. Ya sunkuya, rigarsa na ƙanshin turare, ya lashi yatsa kafin ya danna harafi. Na yi dariya.

"Yi dariyarka, ɗan nan," in ji shi. "Sunanka zan fara sawa."

Kwantenar da ta ɗauko kwamfutar na kan ruwa, hedimasta ya rasu. Har yau na kasa tambaya ko an sa nawa.

Malam, Allah ya rubuta naka cikin 'yan Aljanna.