Hannuwan da ke Jikin Tanderun Goggo Tasalla

Duk wanda ya san Goggo Tasalla ya san ba ta yarda kaka ta shigo don wani ya faɗa. Ko rediyo ne ya faɗa, ko Baba da yake mai gonar. Sai ranar da aka kawo mata sabuwar gyaɗa ta ɓare guda, ta tauna da haƙoran gefen da suka rage mata, ta lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In ta tofar, to da sauran damina. In kuwa ta haɗiye, mun shiga uku, don yanzu za ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya har maƙwabta su ji: "Ku fito min da hannuwanku!"

Ku da kuka tashi a gidanmu na Dagumawa kun san abin da wannan kiran yake nufi. Amma saboda amare da yaran baya-bayan nan, bari in faɗa. Goggo yayar Baba ce. Ta yi aure a Achika, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin ya rasu ta dawo gida da akwatinta da wata ƙatuwar tukunyar tanderu a amalanke. Ta kafa ta a tsakar gida kusa da katanga, ta yaɓe ta da laka, ta shiga gashin gurasa. Kowace kaka sai an sake yaɓen, kuma duk yaron da ke da alaƙa da gidan, na ciki da na waɗanda suka yi aure, sai ya zo ya danna tafin hannunsa a ɗanyar laka. Shekara ta zagayo a rufe na bara, a danna sabo.

To ai kun ga matsalar. Ana ƙari ba a ragi, tanderu ya yi ta ƙiba har ya fara cin hanya. Wata rana babban wanmu, Yaya Habu, ya zo shigar da babur ɗinsa, madubi ya daki tanderu ya ɓalle. Ya ce, "Haba Goggo, don Allah! Abin nan fa ya tare hanya. A ɗan sassaƙe shi mana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga faifan da take saƙawa. Ta ce, "Wa ya riga wani zuwa gidan nan, shi ko babur ɗin?"

"Shi ne, Goggo."

"To babur ya rage ciki."

Daga ranar a zaure babur yake kwana, har aka sayar da shi.

Ranar yaɓe kuwa biki ce, sai dai biki ne na wahala. Manyan yara su ɗebo laka daga bakin kogi, ƙanana su tattaka, mu mata mu soya gyaɗa mu matse mai mu yi ƙuli. Tanderu na shan iska, Goggo ta baje karan dawa a tabarma ta ce kowa ya ƙera abin wasansa. Mota, tabarau, gadon 'yar tsana, jirgin sama mai fukafuki ɗaya. Ita ke duba aiki, kuma wallahi ba ta da sassauci. Ta taɓa ɗaga motar wani ta jujjuya ta ce, "Wannan ko gawa aka ɗora mata sai ta sauka ta taka da ƙafa." Ɓawon karan da aka fere ma ba a zubarwa, da shi ake hura wuta.

Akwai shekarar da Yaya Habu ya sayo wa 'yarsa motar roba daga Kano, ja, mai fitila. Yarinya ta kawo wa Goggo tana murna. Goggo ta karɓa da yatsu biyu.

"Wa ya yi ta?"

"Kamfani ne, Goggo."

"To a kira Kamfani ya zo ya yi wasa da abarsa. Ke zauna, ga kara."

Ita kuma matar Yaya Habu, Anti Maryam, tausayi ne ya ja mata. Ta ga tsohuwa tana zura hannu cikin wuta tana manna gurasa a bangon tanderu, gashin hannun duk ya ƙone, fatar ta yi tabo, sai ta sayo mata murhun gas mai akwatin gashi a ƙasa. Goggo ta yi godiya, ta sa albarka har da tafa hannu, ta ce a kai mata ɗaki. Bayan kwana biyu Anti Maryam ta tambaya ko yana aiki.

"Sosai ma! Zo ki gani."

Ta buɗe akwatin. Kaza ce kwance a kan tsumma, ta ƙyanƙyashe. Goggo ta ce, "Kin ga ni? Ko ɗaya bai ƙone ba."

Ni ce Rabi, wadda take kira sarkin ƙonawa, don duk gurasar da na manna sai ta sulale ta faɗa garwashi. Da na haifi 'yata ta fari, Husna, a gida na yi wankan jego. Yarinyar ta zo da cindo, ɗan ƙaramin yatsa na shida a gefen hannunta na dama. Ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, aka ce ya cire shi kamar yadda aka saba. Goggo ta fizge jaririyar ta goya, ta tsaya a bakin ƙofa da muciya.

Wanzami ya ce, "Hajiya, ai al'ada ce, yanzu za a gama."

Ta ce, "Allah ya yi mata ƙari, kai ka zo ragi? Kai me ka taɓa ƙara wa wani? Aske gashin ka karɓi tuwonka."

Haka Husna ta tashi da yatsunta shida, kuma Goggo ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba, sai Cindo. In ana danna hannu a laka, ita ake fara kira. Goggo ta riƙe ɗan yatsan ta danna shi da kyau ta ce, "Kowa biyar ya kawo, Cindona ta kawo da gyara." Yarinyar ta yi ta ƙyalƙyala dariya da laka har goshi.

Ba ta kai shiga firamare ba. Zazzaɓi ne a tsakiyar damina, muka kai ta asibiti, Allah ya karɓi abarsa.

Goggo ta zo gidana a Sabon Gari zaman makoki. Kowa na kuka, ita ta samu lungu ta zauna tana saƙa faifai. Ba ta yi hawaye ba, ba ta ba ni baki ba. Abin da kawai ta ce min shi ne, "Rabi, tashi ki wanke fuskarki, baƙi na zuwa." Da kaka ta yi kuma ta tsaya a tsakar gida ta yi kiranta kamar kullum, ku fito min da hannuwanku, kamar ba a rasa hannun kowa ba. Labari ya same ni, na ƙi zuwa. Na san a ranar za a shafe hannun 'yata da sabuwar laka, kuma na ji zafin Goggo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na haifi wasu, na ci gaba da kawo su yaɓe, muna wasa da dariya da ita, amma ban taɓa jin ta sake ambatar Cindo ba. Ni ma ban tayar ba.

A shekarun nan ne aka fara maganar ramin Goggo. A bayan tanderu, ta wajen katanga, can ƙasa, akwai wani rami da ba ta yaɓewa. Ita kaɗai ke yin yaɓen wannan gefen, ba ta barin kowa ya zagaya. Tanderu na ƙara ƙiba, ramin na ƙara zurfi. Da wani ɗan ƙoƙo take toshe bakinsa. Yara suka ce aljani ta ajiye, wasu suka ce goro take ɓoyewa. In an tambaye ta sai ta ce, "Ashanata ce a ciki. Kuma akwai kunama, ita ke min gadi." Duk wanda ya miƙa hannu wajen ya sha mafici a gadon baya. Har Baba, da furfurarsa, ya taɓa zuwa neman ashana ta ce masa, "Kai Audu, ka girma amma ba ka daina taɓe-taɓe ba?"

Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta durƙusa a wurin, ta daɗe, sannan ta taso da ashanar. Muna yi mata tsiya, muna cewa Goggo, ashana guda ce sai an yi mata gaisuwa? Ta ce, "Gwiwa ce ba ta tashi, 'yan banza. Ku tsufa ku gani."

Bana, da farkon damina, Goggo ta kwanta, kuma ba ta tashi ba. Kun halarci jana'izar, ba sai na faɗa ba. Abin da ba wanda ya tuna shi ne rufe tanderu da buhu da tsohuwar tabarma kamar yadda take yi in hadari ya taso. Ruwa ya yi ta dukan sa har ya tsage, gefe guda ya zube. Yaya Habu ya ce ba wanda ya iya gashin, abin ya zama matattarar kunamu, zai fasa shi ya zuba siminti a tsakar gida. Ba wanda ya musa, don gaskiya ya faɗa. Ni dai na roƙi a bar ni in hura shi sau ɗaya, yara su ci gurasar kaka ta ƙarshe, ko da ƙonanniya ce.

Ranar na zo da yarana, na kwaɓa fulawa, ta tashi. An daka ƙuli da yaji, an yanka albasa. Yaya Habu ya jingine diga a katanga yana jira. Inda yaɓen ya ɓare kuwa, ga hannuwa nan rututu, wani a kan wani, na bara da na shekarun baya. Yara suka yi ta gwada nasu suna ihu, wannan na Abba ne, wannan na Anti ne. Na jera kara a ciki, na nemi ashana, babu. Sai Anti Maryam ta yi dariya ta ce, "To ai yau babu mai mafici. Duba ramin Goggo."

Na zagaya, na durƙusa, na cire ƙoƙon. Na fara zungura kara saboda kunamar, ba komai. Na zura hannu har wuyan hannu, na ciro kwalin ashana. Sai na ji kamar yatsuna sun taɓa wani abu mai santsi a can ƙarshe. Na mayar da hannu na shafa. Tafin hannu ne, ɗan ƙarami. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, na kai na biyar, sai ga wani ɗan guntu a gefe.

Ban san na yi ƙara ba, sai gani na yi an taru a kaina. Yaya Habu ya haska fitilar wayarsa a ramin. Duk sauran lakar ta bushe ta yi fari, amma wannan hannun ya yi baƙi yana sheƙi, saboda shafar yatsu masu man gyaɗa. Ashe shekara da shekaru Goggo tana kewaye shi da laka, ba ta taɓa rufe shi ba. Ashe wurin Cindo take zuwa kowace safiya, mu muna mata dariyar gwiwa.

Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka ɗauki yarinyar nan. Na Husna ne, na Goggo ne, ban iya rabewa ba.

Yaya Habu ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, ya ɗauki digarsa ya mayar ɗakin ajiya, ya dawo yana goge ido da hular kansa. Ya dubi yara ya daka musu tsawa: "Ku me kuke kallo? Ku ɗauko bokitai, ku fito min da hannuwanku!"

Mun yaɓe shi a ranar, yaɓe mara kyau, wanda da tana nan da ta ce a rushe a sake. Wajen dubawa ne muka lura Goggo ba ta taɓa danna nata hannun ba ko sau ɗaya. Sai dai sawun yatsunta inda ta ja lakar bara ta daidaita ta, a saman ramin. Wurin ma mun kewaye shi, ba mu rufe ba. Gurasar kuwa da muka yi bayan ya sha iska, rabi ta faɗa wuta, kamar yadda kuka zata. Yara suka cinye sauran har da ƙonannen gefen.

Ya Allah, ga baiwarka Tasalla ta zo maka. Ba ka ba ta ɗa ba, ta riƙe namu. Hannun nan nata da ya sha wuta don yara su ƙoshi, ka haramta wa wuta shi. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka sa Cindo ta tare ta a ƙofar Aljanna ta kama hannunta. Amin.