Ciyawar Duban Tsoho Pang Ta Kwanta

Matso kusa, zan faɗa miki abin da ya faru a gidan Tsoho Pang, amma kada ya wuce nan. Tsaya tukuna, sai kin san mutumin.

Tsoho Pang mai duba ne, da busassun karan shitsao yake yi, ciyawar nan mai farin fure da ganye kamar gashin tsuntsu. Bayan gidansa ya shuka ta, cikin tsakuwa, inda rana ke dukan ƙasa kamar ta ci bashinta. Tun yana saurayi bai taɓa ba ta ko ɗigon ruwa ba. Ya ce wahala ce ke miƙar da karanta, kuma karkataccen kara ƙarya yake faɗa. Bana ya ƙwallafa rai a kan sabon dami, don da shi zai duba sunan jikansa na fari, wanda ke cikin Cuiying matar ɗansa.

To, ya tafi jinyar ƙafa wurin 'yar'uwarsa, ya bar Cuiying da gida. Yarinya 'yar birni, ga tausayi. Ta ga ciyawar Baba a bushe, sai ta dinga ɗura mata ruwan wankin shinkafa da kashin kaji kullum safe.

Ranar da ya dawo ya leƙa baya, sandarsa ta faɗi. Ciyawa ta yi tsawon mutum biyu, ta yi ƙiba, ta kwanta ɗaiɗai kamar mashaya. Ya ɗaga kara ɗaya, karan ya lanƙwashe masa a hannu kamar dafaffiyar taliya. Wallahi har gashin girarsa sai da ya miƙe.

Cuiying ta fito tana murmushi. "Baba, ka ga yadda ta yi kyau?"

Ya saki karan. Can ya ce, "'Yar nan, me ta yi miki?"

Ta fara kuka, ta ce ko a sa wa yaron kowane suna. Ya ce jikansa ba ɗan kare ba ne. Ya bi gindin katanga yana laluben ko kara ɗaya mai kirki, har ya gano saiwar ta bi ta ƙarƙashi ta shige maƙwabta. Ya ɗaga kai, sai ga ni, maƙwabciyarsa, tsaye a kan tulun da nake jiƙa kabeji, haɓata bisa katanga.

"Inna Dou," ya ce, "ke da ba ki taɓa shayar da komai ba sai gulma, na san na gidanki a miƙe suke. Sauko ki ɗauko lauje."