Ƙarar da Mai Salansa Bai Ji Ba

A layinsu ba mai kiransa da wani suna sai Mai Salansa, har jikokinsa. Shekara talatin da biyu ya yi yana kwance ƙarƙashin motocin safa a garejin wani kamfanin sufuri, yana yankan bututun hayaƙi yana liƙewa da walda. A wancan zamani abokan aikinsa har fariya suke yi da kunnensa. Mota na shigowa, kafin direba ya kashe inji, zai ɗaga kai ya ce, "Salansarta ta huje a gwiwa ta biyu." In an leƙa, haka ɗin ne.

Da ya yi ritaya sai zama ya gagare shi. Wata uku yana bin gidan ɗaki-ɗaki yana gyara abin da bai lalace ba, har matarsa, wadda tela ce, ta roƙe shi ya nemi abin yi tun bai kwance mata keken ɗinki ba. Ba a yi mako ba sai ga shi an janyo masa wata mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, daga inda ake jibge matattun motoci. Rabinta fenti, rabinta tsatsa.

"Malam, abin yi na ce ka nema, ban ce ka kwaso mana gawa ba."

"Hajiya, ki ba ni wata shida ki sha mamaki."

Shekara biyu ta ci. Garejin gidan ɗan tsukuku ne, in motar ta shiga sai ya yi gefe-gefe yake iya fita. Sufanu na rataye a bango, kowace da ƙusarta, gwangwanayen madara cike da notuna, ga wani tsohon bargo da baƙin mai ya rine wanda yake kwanciya a kai. A nan ya tayar da injin. Ya cire sifirin ɗinta ya sa gajeru har cikinta ya kusa shafar ƙasa, ya sa mata tayoyi masu faɗi, sannan ya ƙera mata salansa mai baki biyu da hannunsa. Ranar da ta fara gurnani, maƙwabta suka fito ƙofar gida, shi kuwa bakinsa har kunne.

Wata Asabar da hantsi suka kama hanyar gidan autarsu, ma'aikaciyar jinya, ashe an yi sabon tudun rage gudu a titin. Bai ankara ba sai ji suka yi ƙarar! Salansa ta tsage, shokozoba ta gaba ta fara zubar da mai. Da ƙyar suka lallaɓo gida.

Abin bai dame shi ba, ai aikinsa ne. Ya ɗaga motar da jek, ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe huɗu, ya yi kwana shida a ƙarƙashinta. Wani noti ya cije, sai da ya gasa shi da wuta sannan ya yarda ya juya. Ya canza shokozoba, ya yanke inda bututun ya tsage ya yi masa ƙari, waldar ta fito sumul. Ya wanke hannu ya ce Hajiya ta zo su zaga gwaji.

Ba su kai ƙarshen layi ba ta ce, "Akwai abin da ke ƙwanƙwasawa a baya."

"Babu komai."

"Ga shi nan, ƙwas-ƙwas, ta gefena."

"Ke da kika san zare da allura, yaushe kika zama bakanike?"

Ta juya tana kallon titi. Shi kuma ya kasa kunne iya kasawa, bai ji komai ba sai gurnanin inji.

Bayan kwana biyu auta ta zo. Ya ɗauke ta su zaga, da niyyar ta zama shaidarsa, sai ita ma ta ce, "Baba, me ke bugawa a baya?" Ya sha kunu, ya ce baki suka haɗa da uwarta. Suna dawowa ya shige gareji ya duƙa yana laluben wata sufana. Can sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Ya juyo a firgice, ya ga auta tsaye, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, sau huɗu ina kiranka. Ina nan bayanka."

Da ƙyar ta ja shi asibitinsu. Aka sa masa abin ji a kunne, aka ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Yana zaune yana jiran a fara, ashe an daɗe da farawa. Likita ya yi masa bayani a hankali: guduma da injin yankan ƙarfe na shekara da shekaru sun cinye masa jin siraran sauti, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai na'urar ƙara ji ta taimaka.

Ya tuna yadda yake ta faɗa wai jikoki ba sa buɗe baki in suna magana, da yadda yake ƙure rediyo Hajiya na ragewa. Ya dawo gida ya sa wa gareji kwaɗo. Na'urar da auta ta kawo kuwa ya jefa ta aljihun tebur. Mako uku yana zaune a falo, abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Ran nan da safe Hajiya ta ajiye masa mabuɗin garejin a cinya, ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Tashi ka buɗe. Ƙarar nan ta tsaya mini a rai."

"Me zan yi da buɗewa? Ba na jin ta."

"Ni ina ji. Shekara arba'in ina gane ciwon keke da kunne, wannan ma ai ƙarfe ne."

Ya buɗe. Ta ɗaure zani tamau, ta durƙusa kan bargon nan da take cewa ko kyauta ba ta so, ta ce ya jijjiga motar. Ya dafa bayan motar ya danna, ya saki, ya danna. Ta matsa gaba, ta dawo baya, ta kara kunne kusa da taya, sannan ta miƙa hannu.

"Nan ne. Kamar cokali na bugun tukunya."

Ya ɗaga motar, ya tokare, ya shiga da tocila. Robar da ke riƙe da salansa ta baya ce ta tsage ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, bututun yana lilo yana dukan ƙarfen da ke riƙe da taya. Ya ɗora tafin hannu a wurin, ya ce ta girgiza bakin salansar. Bugun ya ratsa tafinsa har gwiwar hannu. Ya daɗe kwance bai motsa ba.

"Malam, lafiya?"

"Roba ce, Hajiya. Robar da na sa irinta ta fi dubu."

"To fito ka sa ta dubu da ɗaya, ƙafata ta yi tsami."

Ya yi dariya har da tari. Kafin azahar ya canza ta, ya kuma ɗan ɗaga bayan motar don kada a kuma. Da yamma ya ciro na'urar daga aljihun tebur ya sa, yana mita wai tana sa muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Har yanzu yana mitar, amma yana sawa, sai in zai yi walda. Masu motoci na unguwa sun ci gaba da kawo masa, sai dai duk wanda ya zo da ƙorafin ƙara, zai ba shi kujera ya ce ya jira Hajiya ta gama kalmasa. Ita kuma ta ce ba ta aikin banza, ladanta shi ne ya koya mata tuƙi. Wata huɗu suka yi suna fama a wani fili bayan makaranta, ta kashe masa inji ya fi a ƙirga, ta goge madubi ɗaya da bango. Ranar da ta samo lasisi, ita ta tuƙo su gida, a giya ta biyu tun daga ofishin har ƙofar gareji, motoci na ta yi mata ham a baya, shi kuma yana gefe ya zare na'urar ya sa a aljihu.