Tokar Chebo

Shekara talatin da 'yan kai Loretta Haskins ta yi a Raymondville, can gindin Texas, garin da ko kare da Sifaniyanci ake korarsa, amma ita ko zo in kashe ka ba ta ji. Iyakarta gaisuwa da godiya da sunayen abinci. Ba girman kai ba ne, a faɗi gaskiya. Mutanen garin suna juya harshe zuwa Turanci in sun ga dama, aikinta kuma a asibitin dabbobi yake, marasa lafiyarta ba su taɓa neman ta yi musu bayani ba. Ga shi ta dace da miji mai jin harsunan biyu, Eusebio Villarreal, mai gyaran injinan ban ruwa a gonakin albasa, wanda babba da yaro ke kira Chebo. Shi ne kunnenta, shi ne bakinta.

Ita 'yar Nebraska ce, daga gidan manoman masara. Mutanenta ba sa kuka a gaban mutane, ba sa leƙa gidan ɗan'uwa sai sun buga waya, kuma in ka tambayi ɗayansu yaya jiki, ko hanjinsa na waje zai ce maka lafiya lau. Da wannan tarbiyya ta faɗo cikin dangin Villarreal, inda kowace Lahadi gidan uwar Chebo, Doña Amparo, ke cika maƙil: ana gasa nama a tsakar gida, rediyo na ihu, mutum biyar na magana lokaci guda, ba mai sauraron wani. Loretta takan zauna a gefe da farantinta tana murmushi. Tsohuwa ta dube ta ta zuba magana mai tsawo, sai Chebo ya juyo.

"Ta ce rigarki ta yi kyau."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Harshenmu ne haka, sai ya zaga gari kafin ya iso gida."

Ƙanwarsa Ofelia, wadda bakinta ba shi da linzami, sai ta sheƙe da dariya. "Kai Yaya, ka ji tsoron Allah! Matar yaya, cewa ta yi kin bushe kamar karan masara, ko dai yunwa yake gana miki."

Haka aka yi ta tafiya. Allah bai ba su haihuwa ba. Tsohuwa ta kunna kyandir a coci har ta gaji, amma in ta taɓa yin gori a kan haka, a maƙogwaron Chebo maganar ta tsaya. Loretta ta yi ta ƙorafin mutanen da ke faɗo mata gida ba sanarwa su buɗe mata tukunya, ba ta lura ba cewa duk duniya ba ta da wasu mutanen sai su.

Wani hunturu suka je Nebraska gaida wanta Wendell. Chebo, da ba ya iya zama ya ga ana aiki, ya ɗauki shebur ya fita taya shi kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Bai yi nisa ba ya dafe ƙirji ya durƙusa. Motar asibiti ta tafi da shi, kafin la'asar an ce wa Loretta ta yi haƙuri.

Waya ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa. 'Yan'uwan da ba ta ma san sunansu ba suna rusa mata kuka a kunne. Ofelia ta ce ga su nan za su ciko motoci su taho, Loretta ta ce kada su zo, hanya ta toshe da ƙanƙara, ita za ta kawo shi gida. Daga nan ta kashe wayar, domin a gidansu baƙin ciki abu ne da mutum ke shiga ɗaki da shi ya rufe ƙofa.

Wendell ya zaunar da ita a kicin. "Ke ce matarsa, ke doka ta sani. Ina ke ina jigilar gawa har ƙarshen ƙasa a wannan sanyin? A ƙona shi kawai, kamar yadda muka yi wa Mama. Tsaf, ba wahala."

Ta yarda. Ba ɓoyewa ta yi wa dangin Chebo ba, abin da ya fi ciwo ke nan: ko kusa bai zo mata a rai cewa akwai wanda ya kamata ta tambaya ba.

Da rana tsaka ta iso gidan Doña Amparo. An fitar da kayan falo kaf, an jera kujeru a jikin bango, an bar fili a tsakiya inda akwatin gawa zai kwana tsakanin kyandirori, a yi masa addu'ar carbi, kowa ya zo ya dubi fuskarsa ya sumbaci goshinsa. An haƙa kabari kusa da na ubansa. Loretta ta fito daga mota rungume da ɗan tulun tagulla a cikin mayafi. Jama'a ba ita suke kallo ba, bayanta suke leƙe, suna jiran motar gawa ta karyo kwana.

Ofelia ta ce, "Ina yake?"

Loretta ta ɗaga mayafin.

Doña Amparo ta taho tana dogara sanda, ta tambayi 'yarta me ake ciki. Ofelia ta gaya mata. Tsohuwa ta ɗora tafin hannunta a kan tulun, ta daɗe, sannan ta faɗi 'yar gajeriyar magana ta juya. Loretta ta waiga gefen damarta, inda Chebo ya saba tsayawa.

"Fassara kike nema?" in ji Ofelia. "To yau babu mai barbaɗa miki sukari. Cewa ta yi wannan ba ɗanta ba ne, ɗanta yana da hannuwa. Ke matarsa ce, mun ji, ba mu musa ba. Ita fa? Ke da kika same shi da gashin baki! Ita ta yi masa wankan farko, ta roƙi Allah ko sau ɗaya ta sake ganin fuskarsa, kin kawo mata toka a gwangwani kamar garin shayi!"

Aka binne ɗan tulun a ƙaton ramin nan. Aka yi addu'ar kwana tara. Loretta ta je ranar farko, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya matsa mata kujera. Ta aika furanni da katin ban haƙuri, shiru. Daga nan gidanta ya koma irin gidan da ta tashi a ciki, tsaf-tsaf, ba mai buɗe mata tukunya, ba mai faɗo mata ba sanarwa. Abin da ta shekara talatin tana nema ke nan, ga shi ta samu, ya zame mata azaba. Wendell ya ce ta tattaro ta dawo gida. Ta duba ta ga ba ta da wani gida sai tsakar gidan tsohuwar nan, ba kuma hanyar komawa sai in tsohuwar ta yafe mata. Ta san in ta je da Ofelia a matsayin tafinta, aikin banza ne. Dole da bakinta.

Tana da shekara sittin ta shiga ajin Sifaniyanci a zauren coci. 'Yan ajin duk Turawa ne 'yan fansho masu guje wa sanyin arewa, burinsu su iya neman ragi a kasuwar tsallaken iyaka, su iya tambayar ina ne bayan gida. Malamarsu, Berta Quiroga, tsohuwar malamar firamare ce. Ana cikin koyon yadda ake odar giya, Loretta ta ɗaga hannu.

"Malama, yaya ake cewa na cuce ki?"

Aji ya yi dariya, sun ɗauka raha ce. Malama Berta ba ta yi ba. Garin ƙarami ne, labarin tulun ba gidan da bai shiga ba. Da aka tashi ta tsayar da ita.

"Ke ce matar Chebo. Kalmomi zan ba ki, wannan aikina ne. Amma ki sani, mu ba ma aika ban haƙuri a kati. Kuma ranar da za ki je, kada ki buga waya. Baƙo ke buga waya."

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Loretta kuwa ta bushe. Harshenta ya ƙi kaɗawa. Abin da ta haddace da safe, kafin azahar ya gudu. Ta bar rediyo a tashar da a da take cewa tana sa mata ciwon kai. Ta riƙa gwada maganarta a kan karnukan asibiti, daga baya a kan masu karnukan, wasu su gyara mata, wasu su tausaya mata su koma Turanci, abin da ya fi ƙona mata rai. Sau da yawa ta yi kuka a mota bayan aji, don takaicin cewa malamin da ya fi kowa haƙuri ya kwana kusa da ita shekara talatin, ba ta taɓa tambayarsa ko kalma ɗaya ba.

Hunturu ya wuce, wani ya zo ya wuce. 'Yan fansho suka tafi suka dawo, ita tana nan. Sannu a hankali hayaniyar kasuwa ta fara rarrabuwa a kunnenta, ta zama maganganun mutane. Ta shirya ban haƙurinta, ta yi ta maimaita shi har ya zauna. Tana ta ɗaga ranar zuwa, don tsoro, sai Malama Berta ta gaya mata cewa Doña Amparo ta daina fita coci, ƙafa ta ƙi, in za ta je ta je.

Da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofar. Ofelia ta buɗe, ta ƙare mata kallo.

"A'a, su Baturiya! Ɓatan kai aka yi?"

Loretta ta amsa da Sifaniyanci, "Mama na zo gani."

"Iye! Sai da mai fassara ya mutu aka samu baki? Ihu bayan hari ke nan, matar yaya."

Daga ciki muryar tsohuwa ta ce a bar ta ta shigo, Ofelia kuma ta ba su wuri.

Doña Amparo tana kishingiɗe a gado, ta ƙanƙance, carbi a hannu. Loretta ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta faɗi abin da ta shirya, tana tuntuɓe tana tashi: ba ta sani ba, ba ta tambaya ba, ta ɗauki ɗan mutane kamar nata ita kaɗai, ta cuce ta, ta yafe mata don Allah. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe.

"Na ji," in ji ta, a hankali, yadda ake yi wa mai koyo. "Kin sha wuya, 'yata, na gani. Amma ba wannan nake jira ba. Akwai abin da nake son tambayarki tun ranar, na ƙi in bi ta bakin kowa, don na san halin masu fassara, ni na haifi ɗaya. Ke kaɗai kike can. Gaya mini, yaya fuskarsa take? Ya sha wuya? Wa ya rufe masa ido?"

A asibitin, bayan likita ya gama magana, wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko za ta shiga ta gan shi. Ta ce a'a, ta fi so ta riƙa tuna shi yana dariya. Haka uwarta ta ce a ranar mutuwar uban Loretta, kowa ya yaba mata da ƙarfin hali. Ba ta shiga ba a ranar, ba ta shiga ba washegari, har aka miƙo mata tulun.

Kalmar ƙaryar gajeriya ce, ta iya ta tun makon farko a aji. In ta ce ni, wato ita ta rufe masa ido, shi ke nan, ba mai shaida a duniya, ran Lahadi tana tsakar gida da farantinta. Tsohuwa ta kafe ta da ido.

"Ban shiga ba, Mama. Ban gan shi ba."

"Wanki Wendell fa?"

"Shi ma."

"Ba kowa ke nan."

"Ba kowa."

Doña Amparo ta mayar da kanta kan matashi. Hawaye ya gangara mata zuwa kunne, ba ta share ba.

"Yaron da ko abinci ba ya iya ci shi kaɗai," ta ce. Sai ta juyo. "Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Tokar na yafe miki, haƙƙina ne, na bar miki. Wannan kuwa haƙƙin Chebo ne, ba nawa ba ne balle in yafe. Sai ki nemi mai shi."

Babu kalma ɗaya da ta ɓace wa Loretta a cikin maganar.