Yatsan da Haliru Ya Dangwala

Shekara ashirin da shida Haliru ya yi yana su a tafkin Kainji, a wani ƙauye kusa da Warra. Jirginsa ɗaya, komarsa uku. Abin da ke cin ransa kullum shi ne, a kwando biyar na kifi, biyu kan fara lalacewa kafin 'yan kasuwar Yauri su iso, sai dai matarsa Dije ta yi banda a sayar da araha.

Da wayar wuta ta iso bakin hanya, shi ya bi gida arba'in da ɗaya da ƙafarsa. Kowane gida ya ba da kamun Juma'a takwas, aka sayar, aka sayo tiransifoma. Ran da za a haɗa ta, ma'aikacin kamfanin raba wuta ya miƙo takarda. Haliru ya dangwala yatsa, a zatonsa shaida ce cewa tasu ce. A makon nan ya sayar da jirginsa, ya sayo firiza biyu.

Wata bakwai ko ƙaramar karfasa ba ta lalace masa ba. Ruwan farko na damina, tiransifoma ta ƙone.

Ya ɗauko Elijah, mai gyaran wuta daga Yelwa. Ko tsani ba a jingina ba, sai ga ma'aikacin nan a babur.

"Baba Haliru, duk wanda ya taɓa ta sai ofishin 'yan sanda. Kayan kamfani ce."

"Kifin kamfani munka saida munka sayo ta?"

"Ga yatsanka nan. Kyauta kuka ba mu."

"To ku gyara abinku."

"Tana cikin layi."

"Ta nawa?"

"Wannan sai manya."

Haliru ya hau mota har madatsar ruwan Kainji, inda ake yin wutar. Tsibirin da aka haifi ubansa yana ƙarƙashin ruwan nan, don haka yana ganin masu ruwa ba za su ƙi jin sa ba. Mai gadi ya ba shi kujera, ya lissafa masa da yatsu: nan yin wutar kawai ake yi, wani kamfani ke ɗaukarta, na uku ke sayarwa.

"To wa ad da na ukun?"

"Masu hannun jari."

"Ina gidansu?"

Mai gadi ya yi dariya, ya miƙo masa ruwa.

Yau kwana ɗari biyu da goma sha biyu ke nan ba wuta. Wani a Yelwa ya taya firizojin, kuɗin bai kai rabin jirgi ba. Dije ta zuba gero a ɗaya, ɗayar kuma komar Haliru ce a ciki.

Yanzu jirgin Sa'idu, ƙanen Dije, yake tuƙawa, a ba shi kashi ɗaya cikin uku na kamu.

"Yaya, ja filafili mana," in ji Sa'idu. "Ko ƙanƙara ta kama hannun?"

Haliru ya ja.